Shek a Cikin Laya

Kirkisoy, Yamai, Maris 1985

Kawu Bawa,

Wa ya ce maka takardar banki laya ce? Wa ya ba ka shawarar ka kai ta wurin baduku ya ɗinke ta cikin jar fata, ka rataya a wuya wata da watanni, kuɗɗin shanu bakwai suna lilo a ƙirjinka suna shan gumi?

Ka gafarce ni, tambaya ta riga gaisuwa fita. Ina gaishe ka, ina gaishe da mahaifiyata Inna Yelwa da duk mutanen gida. Ina fatan kumburin ƙafarka ya sauka. Ni lafiya lau, gyaran mobilet, ƙananan baburan nan, yana ba ni na tuwo, sai dai tiyar hatsi ta zama abin kallo a Yamai.

Direban kamiyo ya same ni a gindin bedi, wato itacen dogon yaro, inda nake aiki, ya miƙo mini laya ya ce, "Kawunka ya ce ka san abin da za ka yi da ita." Na ɗauka maganin baki ka aiko mini, tun da kun daɗe kuna cewa bakina ne zai kashe ni. Na sa reza na farke, sai ga shek ɗin Alhaji Sumana, mahaucin da ka sayar wa shanun gidanmu lokacin da aka rufe iyakar Najeriya ka koro su nan. Biyar naka, biyu na Inna. Bai rubuta sunan kowa a kai ba, an ce a biya mai riƙe da shi. Sai na wanke baƙin mai daga hannuna, na ƙetare gada, na kai shi banki.

Matar da ke bayan gilashi ta shiga ciki da shi, ta daɗe, ta fito ta turo mini shi da wata ƙaramar takarda manne a goshinsa. Babu kuɗɗi a asusun. Na tambaye ta, ko jiya ya kwashe? Ta ce, "Ɗan'uwa, wannan rumbu ko ɓera ya daina shiga."

Daga nan mahauta na nufa. Na tarar da Sumana bisa kujera, ana yi masa fifita. Da ya ga zanen fuskata ya fashe da dariya: "Kai, ga bawana Bagobiri! Wace kyanwa ta yakushe ka?" Na ce, "Wadda ta cinye kuɗɗin bankinka, Bazabarme ɗan cin kwaɗon kopto." Mahauta suka yi shewa. Na nuna masa takardar. Ya ce, "Kala suru, yaro, sai haƙuri. Inda nake kai nama ba su biya ni ba. Tsakanina da Bawa ne, kai mi ya sa ka ciki?" Ya sa a yanko mini hanta. Ban karɓa ba.

Kawu, ka san ban shiga lakwal ba. Da tsoffin jaridu da ake naɗe kayan mobilet na koyi karatu, harafi harafi, har na iya. Kuma bedina yana kallon ƙofar gidan shari'a, ranar da babu aiki nakan shiga in zauna a benci na baya in saurara. Na ga irin wannan shari'a da idona. Shek ba alkawari ba ne, kuɗɗi ne a hannu. Ranar da mutum ya sa hannu a kai, ranar ya rantse akwai kuɗɗin a banki, ko da ya rubuta ranar wata ta gaba a jiki. Wanda ya ba da shi babu komi a ciki, alƙali da ɗan damfara yake haɗa shi: kaso, wato gidan yari, da tara, kuma a tilasta masa ya biya mai haƙƙi. Na ga wani mai babbar riga, turarensa ya cika ɗakin, ya fita da ankwa.

Gobe zan kai takardar wurin wisiye, ma'aikacin shari'ar da ke rubuta shaidar cewa banki ya ƙi biya. Ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta. Kafin ruwan farko kuɗɗin shanunta za su zama hatsi, kuma babu wanda zai taɓa rumbun iri.

Ɗanka, Hamisu

*

Tudun Kalgo, ta Tsibirin Gobir, Maris 1985

Zuwa ga ɗana Hamisu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Muna lahiya, ƙafa ta sauka kaɗan. Uwarka tana gaishe ka. Mushe Isuhu malamin lakwal ne ke rubuta mini, shi ne kuma ya karanta mini taka, ya tsallake wasu wurare don kunya, na ce ya koma ya karanta su.

Hamisu, wa ya aike ka banki? Na aiko maka da layar ne ka kai wa Sumana ita a ɗinke, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Bawa yana tuni. Iyakar aiken ke nan. Na ɗinke ta don kada ta jiƙe ko gara ta ci, don amanar mutum ce.

Kai da ka iya karatun jarida, akwai abin da jarida ba ta rubutawa. Bagobiri ba ya kai Bazabarme gaban alƙali. Taubasai muke tun kakannin kakanni. Ka zage shi, ya zage ka, ka ɗauke masa takalmi a masallaci, amma ba ka zubar masa da mutunci. Wanda ya yi haka ba ya gamawa lahiya, mun gani. Kuma a yunwar da ta wuce, shekara goma ke nan, a zauren uban Sumana na kwana wata biyu, ban biya ko dala ba. Ranar da na koro shanun nan suna faɗuwa a hanya, babu mahaucin da ya kalle su sai shi. Ya ce mini da bakinsa, "Bawa, riƙe wagga takarda, kada ka kai ta banki sai na aiko maka." Na ce to. Mutum ya ce ka jira shi, mi ne na kai shi ƙara?

Kuma ka rage tsawon harshe a takarda. Mulkin soja ne, ba mu san hannu nawa take bi ba kafin ta iso.

Labarin gida kuwa, ba zan ɓoye maka ba. Mata suna jiƙa ƴaƴan anza don su cire ɗaci, yara suna cin ganyen jiga. Gidan Asma'u sun rufe ƙofa da ƙaya sun tahi Maraɗi. An ce za a zo a rubuta gidaje don rabon hatsin taimako, muna jira. Rumbun iri yana nan a liƙe, na ɗaura masa igiya da hannuna, amma kullum idon yara a kansa yake. In muka ci shi, ko ruwa ya zo babu abin da za mu sa a ƙasa, mu ma sai mu bi Asma'u.

Ka koma wurin Sumana da ladabi. Ka bar maganar wisiye.

Kawunka, Bawa

*

Kirkisoy, Afrilu 1985

Kawu,

Ina gaisuwa, ina yi wa Inna sannu da jiƙon anza. Takardarka ta same ni lafiya, amma ta makara, wisiye ya riga ya buga hatiminsa. Har faɗa ya yi mini, ya ce wane irin mutane ne ku da kuke ajiye shek kamar daddawa? Shek kwanaki kaɗan ake ba shi a kai banki. Ya ce da a ce akwai kuɗɗi a asusun ranar da aka ba ka, sannan suka salwanta saboda jinkirinka, da magana ta lalace. Sa'armu ɗaya, asusun Sumana busasshe ne tun ranar da ya sa hannu, saboda haka ba shi da inda zai ɓuya.

Ka ce in koma da ladabi. Na koma, Kawu, har sau uku, don kada ka ce ban ji maganarka ba. Na farko ya ce Bagobiri da yunwa tagwaye ne. Na biyu ya ce in zo in yi masa wankin mota ya biya ni. Na uku aka ce ya tafi ɗaurin auren ɗiyar abokinsa, da raguna biyu a bayan mota. Raguna biyu! Ku kuna can kuna wanke ɗacin anza. In wannan ne taubasantaka, to ɗaya yana wasa ɗaya yana mutuwa. Taubashi yakan ɗauke maka takalmi ya maido kafin ka fito daga masallaci. Wannan ya ɗauke shanu bakwai, kuma dariya yake so mu yi masa rakiya da ita. Zauren ubansa da ka kwana, Allah ya jiƙan uban. Uban ne ya ba ka tabarma, ɗan bai ba ka komi ba sai takarda.

Yanzu ka buɗe kunne, Mushe Isuhu kuma kada ya tsallake ko harafi. Maganar da ka rubuta, cewa Sumana ya ce kada ka kai banki kuma ka ce to, magana ce mai nauyi. Doka ba mai bayarwa kaɗai take kamawa ba. Wanda ya karɓi shek yana sane babu kuɗɗi a ciki, ya riƙe shi kamar jingina, shi ma mai laifi ne, shi ma yana iya shiga kaso. Makon jiya na ga an yanke wa mutum biyu hukunci tare, mai bayarwa da mai karɓa, suka fita a ankwa guda suna zagin juna. Ka tuna da kyau abin da ya faɗa maka ranar nan, kalma da kalma, domin za a tambaye ka.

Zan kai ƙara wurin purokire, mai shigar da ƙara na gwamnati. Sojojin da kake tsoro ba su hana a kai ɗan damfara ƙara ba, abin da suka hana daban ne, kuma na san iyakarsa. Ku riƙe rumbun nan.

Hamisu

*

Kirkisoy, Mayu 1985

Kawu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Shiru ya yi yawa. Kullum sai na je tasha na tambayi direbobin Maraɗi, babu takarda, babu saƙon baki. In fushi kake, ka rubuta ka zage ni, na iya karanta zagi. In rashin lafiya ce, a gaya mini. Azumi ya ƙarato, jiya hadari ya taso ta gabas ya watse. Rumbun iri yana nan?

Hamisu

*

Tudun Kalgo, Mayu 1985

Hamisu,

Ni ce uwarka. Na zaunar da Mushe Isuhu, na ce ya rubuta yadda na faɗa. Muna nan da rai. Ina fatan kana cin abinci, ba jarida kaɗai ba.

Kawunka ba zai rubuto maka ba. Tun ranar da aka karanta masa takardarka ya ce, "Ɗan da na yi wa kaciya da kuɗɗina ya ce zai sa a ɗaure ni." Na ce ba haka yaron ya ce ba. Ya ce da kunnensa ya ji: shi ma kaso. Tun daga nan in ya ji ƙugin mota sai ya ɗauki buta ya shige dajin kalgo da kumburarriyar ƙafarsa.

To ga abin da ya jawo. Ranar kasuwa motar jandarma ta shigo gari, tare da masu rubuta gidaje don hatsin taimako. Suna kiran masu gida ɗaya ɗaya a ƙofar maigari. Aka kira Bawa, aka sake kira, Bawa yana cikin kalgo yana salati. Na je na ce ni ce a madadinsa, suka ce sai mai gida da katinsa, katin kuwa yana aljihunsa. Aka rubuta kowa, aka tsallake mu. Maigari ya ce zai gyara a zagaye na gaba, ban san ko muna nan ba lokacin.

Mun kwance igiyar rumbu. Ni na kwance ta, ba shi ba, don jikokinsa sun daina kuka, kuma ka san yaron da ya daina kuka. Muna ɗiba da ƙaramin ƙoƙo, sau ɗaya a yini.

Bakinka na ubanka ne, Allah ya jiƙansa, gaskiya a ciki amma ba ya sa mata gishiri. Dattijo ake rubuta wa kaso tsirara haka? Da ka naɗe ta kamar yadda ya naɗe takardarsa.

Amma ka ji nawa. Cikin shanun nan biyu nawa ne, Gwanja da ɗiyarta, da nononsu na yaye ka. Ni ban kwana a zauren uban kowa ba. Ba a tambaye ni ba ranar da aka karɓi takarda maimakon kuɗɗi. In Gobirawa maza sun yi rantsuwa da Zabarmawa, ni ban ji an ce a haɗa da saniyar gwauruwa ba. Ka je wurin wannan mutumin naka mai suna kamar maganin tari, ka ce uwarka ta aiko ka. Ga ɗan yatsana na dangwala a ƙasa.

Yelwa

*

Kirkisoy, watan azumi, 1985

Inna, da Kawu in zai saurara,

Barkanku da shan ruwa, in akwai abin sha. Na karanta takardarki sau biyu, na bar bedina na tafi gidan shari'a ban ko wanke hannu ba.

Kawu, ban ce zan sa a ɗaure ka ba. Wanda ya ce maka akwai rami a hanya ba shi ya haƙa ramin ba. Ka fito daga kalgo. Babu jandarman da zai ƙona mai daga Yamai don tsoho mai buta.

Ga abin da ya faru. Na shigar da ƙara da shek ɗin da takardar wisiye. Purokire ya duba, bai yi dogon magana ba, ya aika kwamisariya, ofishin polis. Aka kira Sumana. Ya zo da babbar riga yana raha da polis, ya hango ni ya ce, "Ku kama bawana, ya gudo!" Kwamishe bai yi dariya ba. Ya ce masa, "Alhaji, wannan sa hannunka ne?" Ya ce eh. "Akwai kuɗɗi ranar da ka sa?" Ya hau kame-kame. Aka ce ya cire hula da agogo. Ya kwana biyu a ciki kafin ƴan'uwansa su tsaya masa a sake shi ya jira ranar shari'a.

Washegarin fitowarsa sai ga mota a ƙofar gidan da nake haya. Sumana ne da dattawan mahauta uku da ƙullin goro. Mutanen Kirkisoy suka fito kallo, don ba a saba ganin irin motar nan a lungunmu ba. Ɗaya dattijon ya yi wa'azin zumunci har ƙafata ta yi sanyi. Da ya gama, Sumana ya sa hannu a aljihu, ya ce zai kashe magana yanzu yanzu. Inna, kin san abin da ya fitar? Wani shek! Sabo fil! Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na ce, "Alhaji, bari in kira baduku." Dattawan ma suka kasa riƙe tasu.

Na ce masa takarda ta ishe mu, mun ci mun ƙoshi. Abin da nake so buhu ne, a kan kamiyo, a sauke a ƙofar Bawa a Tudun Kalgo. Ya ce to in janye ƙara tukuna. Na ce ƙarar ta fita hannuna, ta gwamnati ce yanzu, ko na janye purokire yana iya ci gaba. Abin da ke hannuna shi ne in tsaya gaban alƙali in ce an biya ko ba a biya ba, kuma na ga yadda wannan kalma take sauƙaƙa hukunci. Wanda ya biya kafin ranar, sau da yawa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka ake yi masa ya koma gida. Wanda bai biya ba, motar kaso tana jiransa a bayan gida. Ya zaɓa.

Ya sayar da ɗaya daga cikin motocinsa. Ashe akwai. Jiya na tsaya a kansa a kasuwa aka loda buhuna, na hau na caccaka kowane da tsinke don kada a cika mana da yashi. Ya ce abin da ya samu ke nan, wajen rabin haƙƙinku, saura sai bayan salla. Kamiyon ya tashi da safe. Ku aiko mini ranar da ya iso.

Abu ɗaya ya rage, kuma ba zan naɗe shi ba, Inna, don ban iya ba. A kwamisariya Sumana ya ce Kawu ya san sarai babu kuɗɗi, wai har ya ƙara masa farashi a kan shanun don ya yarda ya jira. An rubuta, ya sa hannu. Wato yana so ya ja taubashinsa su faɗa rami tare.

Hamisu

*

Tudun Kalgo, bayan salla, Yuni 1985

Ɗana Hamisu,

Bayan gaisuwa, barka da salla. Kamiyo ya iso. Da na ji ƙuginsa na ɗauki buta, uwarka ta riƙe mini riga.

Dawa ce da masara irin ta ƙasar waje da jirgin ruwa ke kawowa, ba ta shuka ba ce, ƙasarmu ba ta san ta ba. Kai ɗan birni, ka caccaka buhu ba ka duba ƙwaya ba. Amma ta shiga tukunya, mun maida igiya a rumbu. Abin da ya rage na iri bai kai rabi ba. Ruwa ya sauka daren jajibiri, mai kyau, ƙasa ta jiƙu har kamu guda. Mun shuka babbar gona ta bakin fadama. Gonar uwarka ta tudu iri bai kai ta ba, tana nan kwance. Ba mu tahi Maraɗi ba. Alhamdu lillahi.

Maganar da Sumana ya yi a kaina, Mushe Isuhu ya so ya tsallake, na gane daga tarin da ya yi. Ƙarya ce. Bai ƙara mini ko dala ba, ragi ma na yi masa don shanun sun rame. Kuma bai ce mini babu kuɗɗi ba. Cewa ya yi banki yana da layi da wahala ga baƙauye, in jira ya aiko a raka ni. Ban yi barci ba da na ji. Amma tsoro ne ya sa shi, wanda ya kwana a kwamisariya yana iya cewa uwarsa namiji ce.

Yara sun ci, mun shuka. Ya isa haka. Ka ce wa alƙali an biya, a bar mutumin nan ya koma ga iyalinsa.

Kawunka, Bawa

*

Kirkisoy, Yuli 1985

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna, ina yi muku barka da ruwa. Da na karanta cewa kun shuka, na fita na sayi lemu na raba wa masu gyaran taya. Maganar ƙwaya kuwa ka ci ni, na yarda.

Amma ba zan ce an biya ba. Rabi aka biya, rabi zan faɗa. In na ce an biya duka, alƙali zai rufe takarda, gonar Inna ta kwanta bana ta kwanta baɗi, don babu wanda zai sake tilasta wa Sumana ya fitar da ko tiya. Bayan salla da ya ce ta zo ta wuce, na je mahauta, ya ce kala suru. Zan faɗi alherin da ya yi, kamiyo guda, ba zan rage masa buhu ba. Ba kaso nake nema masa ba, kaso ba ta haihuwar saniya. Ina so alƙali ya rubuta sauran a kansa da hatimi, yadda in ya ƙi, wisiye zai je ya ɗauki kujerar da ake yi masa fifita a kai.

Kuma abin da ka rubuto shi ne maganinka. Mutumin da aka ce wa banki yana da layi ba shi ne mutumin da aka ce wa banki babu kuɗɗi ba. Na kai wa purokire wannan magana, ya ce to mai ita ya zo ya faɗe ta da bakinsa. Sammacin shaida yana tafe, kada ka gan shi ka nemi buta. An sa shari'ar ranar Talatar farko ta watan gobe. Na biya maka kuɗɗin mota wurin direban da ya kawo laya, zan tarye ka a tasha, ka kwana a ɗakina ni in kwana a waje. Ba zan yi maka ƙaryar cewa alƙali ba zai tsananta tambaya ba. Zai tsananta. Ka faɗi abin da ka faɗa mini, ka tsaya a nan. In ba ka zo ba, maganar Sumana ce kaɗai a rubuce, kuma ita za ta zauna: Bawa na Tudun Kalgo ya ci riba a kan jira.

Ka ce Bagobiri ba ya zubar wa Bazabarme da mutunci. Shi fa? Shi an ba shi izinin ya zubar da naka a gaban polis, ya sa hannu a ƙasa?

Kafin in kai wannan takarda gidan waya zan biya ta mahauta in karanta ta da ƙarfi, wuƙaƙe su tsaya, kowa ya ji. Saboda haka sauran takardar nan ba naka ba ne, Kawu, nasa ne.

Alhaji Sumana, ranar Talata Bawa zai zauna a bencin gaba da kumburarriyar ƙafarsa. Ba a zaure ba, ba da goro ba, ba da dariya ba. Ka kira dattawanka uku su zo su ji. Ka tashi tsaye, ka dubi tsohon nan da ya rataya sa hannunka a wuyansa saboda ya yarda da kai, ka maimaita abin da ka faɗa a kwamisariya. Nawa ka ƙara masa? Yaushe ka ce masa asusunka babu komi? Ka amsa a gaban alƙali, da muryar da kake kiran mu bayi da ita, yadda na bencin baya ma zai ji.

Hamisu ɗan Yelwa